Wai Inji Ne Ya Zana?

Sharhi a kan zanen allon kwamfuta da yadda masu kallo ke karɓarsa

Ranar wata Asabar bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta bakin layin 'yan canji, sai ga wani yaron unguwar nan ya zo ya gaishe mu, yana rungume da irin ƙaramar kwamfutar nan mai kama da allo, wadda yara ke kira tab. Ya kunna ya miƙo mana. Zanen rumfar wani mai goro ne da duk ɗan Sabo ya sani. Huhuna biyu a jingine, ɗaya an kwance bakinsa, ganyen ya fara yaushi. Ga farin goro da ja a tire an yayyafa musu ruwa, ga hasken yamma ya ratso ta hudar kwano ya sauka a kan benci. Mai rumfar ba ya ciki, sai takalmansa a bakin tabarma.

Allon ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ana ta "masha Allah". Can sai wani dattijo daga cikinmu ya ce, "Yaro, yaushe ka ɗauki wannan?"

"Baba, ba ɗauka na yi ba, zanawa na yi."

"Da me?"

"A kan allon nan, da wannan alƙalamin. Kwana huɗu na yi ina zuwa da yamma."

Dattijon ya miƙa masa abinsa ya ce, "Af! Ashe inji ne." Na kusa da shi kuma ya ce, "To ɗana, in na ba ka hotona, za ka iya yi mini ya fito sak, har ba a bambancewa?" Shi ke nan, aka koma hirar farashin dala. Yaron ya kashe allonsa ya yi sallama.

Mun kwana muna juya maganganun nan biyu. Na farko ya raina aikin don ya ji an ambaci na'ura. Na biyu ya yaba, amma abin da yake nema a wajen mai zane shi ne ya zama kyamara. A cikinmu duka babu wanda ya yi maganar takalman nan na bakin tabarma. Wannan ya sa muka ga ya kamata shafinmu na wannan wata ya duba wannan sabuwar sana'a, domin yaran da ke yin ta a unguwar nan sun fara yawa, wasu ma da ita suke biyan kuɗin makaranta, kuma yadda muke kallon aikinsu shi zai yanke ko su ci gaba ko su ajiye. Za mu ɗauko misali daga nesa, daga wurin mutumin da aka fi sani da wannan aiki, don a ga ba mu kaɗai muka yi wannan tuntuɓe ba.

Tsohon da ya rungumi allo

Sunansa David Hockney, Baturen Ingila, an haife shi a garin Bradford a 1937. Tun kafin a san za a yi wani abu wai shi tab ya riga ya yi suna da buroshi da fenti. Wani zanensa na 1972, na mutum biyu a wurin ninƙaya, an yi gwanjonsa a New York a watan Nuwamban 2018 a kan dala miliyan 90.3, kuma har zuwa lokacin ba a taɓa sayen aikin mai zanen da ke raye da tsada haka a gwanjo ba. Mun kawo wannan ne don kada wani ya ce rashin iya riƙe buroshi ne ya tura shi ga na'ura.

Wajajen 2009, ya riga ya haura shekara 70, yana zaune a Bridlington, wani gari na bakin teku a yankin Yorkshire, sai ya fara zane a kan wayarsa iPhone da wata manhaja mai suna Brushes. Da babban yatsa yake yi. Yakan farka da asuba, yana kwance ya zana fitowar rana ta tagar ɗakinsa, ko furannin da aka ajiye a kwalba, ya tura wa abokansa kafin su karya kumallo. Dalilinsa mai ƙarfi ne. In za ka yi aiki da fenti a duhun asuba sai ka kunna fitila, da ka kunna kuwa hasken da kake son kamawa ya gudu. Ita waya da haskenta take, kuma ba sai ka tashi neman ruwa da buroshi ba.

Da iPad ya fito a watan Afrilun 2010 sai ya koma kansa. Dama telansa ya saba yi masa babban aljihu a cikin kwat saboda littafin zane, sai allon ya gaji aljihun. A watan Oktoban shekarar aka yi masa baje koli a Faris, babban birnin Faransa, inda ba a rataye komai na takarda ba. Wayoyi da alluna aka jera a ɗaki mai duhu, zanen yana haskawa, shi kuma yana can gida yana turo sababbi ta intanet.

A 2011 ya ɗauki wata hanyar ƙauye mai suna Woldgate, ya dinga zuwa tun daga watan Janairu har farkon Yuni yana zana yadda itatuwa ke fita daga tsiraicin hunturu su yi tofo, su yi fure. Wannan lokaci Turawa na murnarsa kamar yadda manomi a Arewa ke murnar ruwan fari. An zaɓi 51 daga cikin zanen, aka buga su manya a takarda, aka haɗa da ayyukansa na fenti a wani babban baje koli a Royal Academy da ke Landan a farkon 2012. Mutum fiye da dubu 600 suka shiga kallo.

A 2018 aka ƙaddamar da tagar gilashi mai launi da ya tsara wa babbar majami'ar Westminster, ita ma a kan allon, domin a cewarsa allo da taga duk ta baya haske ke zuwa musu. Sannan ya koma zama a ƙauyen Normandy a Faransa. A nan kullen korona na 2020 ya same shi yana da shekara 82. Bai yi zaman jira ba, kullum yana waje yana zana itatuwan gidansa. An nuna 116 daga cikinsu a Landan a 2021, daga baya kuma ya harhaɗa zanen shekara guda ya zama dogon zane ɗaya mai tsawon mita 90, wanda mai kallo ke bi da ƙafa daga hunturu har ya zagayo hunturu.

Yadda aka karɓe shi

Jama'ar gari sun so shi, kuma adadin da muka kawo a sama shaida ne. A watan Maris na 2020, lokacin da rabin duniya ke kulle a ɗaki, ya saki zanen wasu furanni masu ruwan ɗorawa da suka tsiro a fili. Jaridu suka buga, mutane suka yi ta tura wa juna. Babu wanda ya tsaya tambayar da me aka yi shi. Mutum ne a kulle, aka nuna masa cewa a waje ƙasa tana nan tana aikinta.

Masu sharhi a jaridun Ingila kuwa sun rabu. Wasu sun ce tsohon ya ba yara kunya da kuzari. Wasu sun ce zanen da aka buga a takarda ba shi da jiki. Fenti yana da kauri, kana ganin inda buroshi ya danna da inda ya ɗaga, wannan kuwa shafe yake lumui kamar tallar kalanda.

Sai na uku, 'yan dandalin sada zumunta. A watan Mayun 2021, da ake son jawo mutane su dawo tsakiyar Landan bayan kulle, aka sa shi ya sake zana tambarin tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly Circus. Ya yi shi a allo, da launin rawaya da shunayya, rubutun a karkace, harafin ƙarshe ma bai samu wuri ba sai ya sako shi a ƙasa. Ranar kam ya sha dariya. Mutane suka yi ta cewa ɗan firamare zai fi shi, wasu suka zana nasu a minti biyu suka saka. Ka ji fa, mutumin da aka sayi aikinsa dala miliyan 90.

Namu ganin

Mun zauna mun duba ayyukan nan a waya, kuma wannan ba kasawa ba ce, domin na farkon dama ta waya aka aike su. Yabon gwani ya zama dole. Zanen asubar nan yana da wani abu da ba ka cika samu a takarda ba, hasken yana fitowa ne daga cikin zanen ya same ka. A na Woldgate, waɗanda suka fi kama mu su ne na hunturu, inda ruwa ya kwanta a ramukan hanya, sama ta faɗa ciki. Da layi uku ko huɗu ya yi kududdufin, amma za ka ji kamar in ka taka za ka jiƙe. A na Normandy akwai na ruwan sama yana sauka a tafki, da na farin wata da dare. Waɗannan aikin wanda ya zauna ya kalla ne, ya daɗe yana kallo. Saurin allon ya yi masa rana, domin gajimare ba ya jiran mai zane ya gama dama launi.

To amma akwai inda ba mu tare da masu yabo. Na ɗaya, saurin nan da ya taimake shi shi ne kuma ya cuce shi. Zane 116 na gida ɗaya sun yi yawa. Da an tankaɗe an bar 30 da sun fi ƙarfi. Fenti yana da tsada, yana cin lokaci, shi ya sa yake tilasta wa mai shi ya yi tunani kafin ya fara. Allo ba ya hana ka komai, don haka sai mai zane ya hana kansa, kuma tsohon bai cika hana kansa ba.

Na biyu, manhajar tana da wani buroshi da ke zuba ɗigo-ɗigo da yawa a taɓawa ɗaya. Da shi yake yin ganye da fure a wurare da dama. In ka ga zane biyar a jere sai idonka ya gane ɗigon, ka daina ganin itace ka koma ganin dabarar. Koren ma a wasu wurare ya yi tsami, irin koren da ba ka gani sai a fuskar waya.

Na uku, maganar bugawa. Duk wanda ya taɓa kai hoton biki wajen masu fleks ya san yadda abin da ke sheƙi a waya ke dawowa a dushe. Zanen da aka haifa cikin haske, in ka cire masa hasken ka shimfiɗa shi a takarda, ka rage masa rabin ransa. A nan masu sukar suna da gaskiya. Kuma me ya sa ake bugawa? Kasuwa. Zanen da ya fara a matsayin gaisuwar asuba, wanda za a iya tura wa mutum dubu ba tare da ya ragu ba, an mayar da shi kaya mai ƙaranci. Ana buga 25 kacal na kowane ɗaya, ya sa hannu, a sayar da tsada. Abin da mai saye ke biya a nan sa hannun ne.

Shi kuwa tambarin Piccadilly, mu ma ba mu ga abin yabo ba. Da wani yaro marar suna ne ya kai shi, da ko ƙofa ba za a bar shi ya wuce ba. Sai dai masu dariyar sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Da yawansu allon suka zarga, alhali allon da ya yi tambarin shi ne ya yi kududdufin Woldgate. Hannu ɗaya ne, wata rana ya natsu, wata rana ya yi wasa.

Masu neman sak

Wannan ke nan game da masu raina allo. Saura abokin majalisarmu mai son hotonsa ya fito sak, shi ma yana da 'yan'uwa a duniya. A ƙarshen 2013 wani matashi ɗan Ingila mai suna Kyle Lambert ya zana fuskar ɗan fim ɗin Amurka Morgan Freeman a kan iPad, da yatsa, da manhajar Procreate. Ya ce ya shafe fiye da awa 200 a kai. Abin ya fito kamar hoto, har gashin gemu ɗai-ɗai, miliyoyin mutane suka kalli bidiyon. Nan take gardama ta tashi, wasu suka ce hoto ne ya goge sannan ya juya bidiyon baya, sai da masu manhajar suka fito suka ce sun duba, aikin na gaske ne.

Lura da abin da ya faru. Duk hayaniyar a kan gaskiya ne ko ƙarya, awa nawa ya ɗauka, ya yi kama ko bai yi ba. Zanen kansa kwafin wani hoto ne da mai kyamara ya riga ya ɗauka. Haƙurin ya cancanci jinjina, amma bayan awa 200 bai gaya mana komai game da Morgan Freeman wanda hoton bai riga ya faɗa ba.

Mu a ƙasar nan wannan ne irin zanen da ya fi burge mu. A watan Yulin 2018, da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya je gidan rawar Afrika Shrine a Ikko, wani yaro ɗan shekara 11, Kareem Waris Olamilekan, ya zana shi cikin awa biyu, duniya ta ɗauka. A farkon 2019 Eli Waduba daga Kaduna ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir, har shi mai fuskar ya gani ya nemi ya saya. Muna alfahari da su, baiwa ce Allah ya ba su. Sai dai abin da muka koya daga labarinsu gurgu ne, wato ma'aunin zane shi ne kama. Da wannan ma'auni, ranar da aka ƙera kyamara ya kamata masu zane su nemi wata sana'a.

Illar tana nan a unguwarmu. Ku dubi zanen ango da amarya da yaranmu ke yi a tab ana bugawa a kalandar biki da jikin kofi. Mafi yawa hoto ake ɗorawa a bi ta kansa, a murje fata ta yi sumul, a ƙara mata haske, a goge tsagar fuska da tamoji, a watsa ƙyalƙyali a baya. Amarya goma, fuska ɗaya. Wannan aiki ne na lalaci, kuma za mu faɗa wa yaranmu haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma su waye ke biya? Mu ne. Wanda ya zana tsohuwa da tamojinta za a ce ya muzanta ta, wanda ya mayar da ita 'yar tsana a ba shi tukwici.

Inda dattijonmu ya samo maganarsa

Kada a ɗauka dattijon da ya ce "inji ne" ya yi maganar banza. Yana da abin da ya gani. A gabansa aikin babbar riga ya tashi daga hannu ya koma keke, ya tashi daga keke ya koma kwamfuta. A da, mai zane zai fitar da aska takwas a jikin shadda da alƙalami, mai allura ya kwashe makonni yana bi. Yau a danna maɓalli, inji ya surfa riga ashirin iri ɗaya kafin azahar. A gabansa kuma masu rubutun allon shago da masu zanen zaki da mikiya a bayan manyan motoci suka rasa aiki saboda fleks da sitika. Don haka in ya ji kalmar kwamfuta, abin da ke zuwa ransa shi ne wani ya rasa abinci.

Wannan fargaba ba tamu ba ce mu kaɗai. A watan Mayun 2024 kamfanin Apple ya yi tallar sabon iPad, aka nuna wani ƙaton inji yana murƙushe fiyano da kakaki da gwangwanayen fenti da littattafai, da ya ɗaga sai ga siririn allo. Masu zane da mawaƙa suka yi ca, cikin kwana biyu kamfanin ya ba da haƙuri.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Injin surfani an riga an ɗura masa zanen, maimaitawa kawai yake yi. Allon zane kuwa fari fat yake zuwa, in ba ka ja layi ba babu abin da zai fito, in hannunka ya karkace layin ya karkace. Dangin allura ne, ba dangin injin surfani ba. Gaskiya yana da sauƙin da takarda ba ta da shi, kana iya janye kuskure, launi ba ya ƙarewa. To ai kowane zamani da irin nasa sauƙin. Kafin 1841, lokacin da wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙirƙiro matsattsen bututun zuba fenti, fita daji da launi wahala ce babba. Da bututun ya zo masu zane suka bazu gonaki da bakin kogi, kuma ba wanda ke cewa bututu ne ya yi musu aikin.

Inda maganar dattijon ta zauna daram shi ne a kan hotunan ƙirƙirarriyar basira da suka cika wayoyinmu yanzu, waɗanda za ka rubuta jimla ɗaya na'ura ta haɗo maka hoto cikin daƙiƙa. Wannan kam inji ne. Kuma shi ne babban haɗarin da ke gaban yaranmu, domin in mun kasa bambance wanda ya yi kwana huɗu a gaban rumfar goro da wanda ya buga jimla, to farashinsu zai zama ɗaya, mai gaskiyar ne zai bar sana'ar. Masu manhajar Procreate da kansu sun fito a watan Agustan 2024 sun ce ba za su saka irin wannan a manhajarsu ba, saboda sun san masu zanen da ke amfani da ita ba sa so.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa. Manhajojin zane da yawa, har da ibis Paint da yaranmu masu Android ke amfani da ita, suna naɗar aikin tun daga layin farko, a iya kunna shi kamar fim. Hockney ma ya ce sai da allo ya zo ya taɓa ganin yadda shi kansa yake zane. Wannan wata dama ce da mai kallo bai taɓa samu ba a zamanin takarda.

Mun san wasu za su tayar da maganar zanen abu mai rai. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da za mu ce kawai, mafi yawan ayyukan da muka yi sharhi a kansu itatuwa ne da furanni da hanya da ruwan sama. Yaron da iyayensa ba sa son ya zana fuska yana da aikin da ba zai ƙare ba a tsakanin Sabo da Mokola kaɗai: jan rufin kwanon Badun da yamma, hayaƙin tukubar mai tsire, layin babura, hadari in ya haɗo.

Mun koma mun nemi yaron

Bayan kwana biyu muka aika aka kira mana shi, muka ce ya kunna mana yadda ya yi. Muka zagaye allon. Layukan farko na rumfar ne, a karkace, ya goge ya sake har sau uku. Sai huhunan, sai tiren. Can sai ga mai goron kansa ya bayyana a zaune a kan benci, da hularsa da carbinsa, kuma ya yi kama. Muna kallo sai muka ga an fara share shi, har ya ɓace. Aka cike gurbinsa da hasken nan na hudar kwano. Daga ƙarshe aka zana takalman.

Muka ce, "Kai kuwa me ya sa ka cire shi, bayan ya yi kyau?"

Ya ce, "Kawu, ran na uku da na zo ya tafi salla, ya bar rumfar a buɗe ba kowa. Sai na ga ai wannan ya fi. A unguwar nan ne kawai za ka bar goro haka ka tafi."

Dattijon da ya ce inji ne yana wurin. Bai ce komai ba, amma ya sa an sake kunnawa daga farko.

Zanen yana da nasa rauni, kuma mun gaya wa mai shi. Jan goron ya yi yawa, ya koma kamar tumatir, kuma ya yi amfani da buroshin ɗigo a kan ganyen, irin cutar da muka gani a wajen tsohon Bature. Benci ma ƙafarsa ɗaya tana shawagi, ba ta taka ƙasa ba. Waɗannan gyararru ne, shekara biyu na aiki za ta kawar da su. Abin da ya sa ya share mutum ya bar takalmi kuwa ba a koyar da shi a manhaja.

Roƙonmu ga masu karatu kaɗan ne. In yaro ya nuna muku zanensa a tab, kafin ku tambayi da me ya yi, ku tsaya ku duba me ya gani. In kuna shakka, ku ce ya kunna muku naɗin aikin. In za ku ba shi aikin biki, ku bar shi ya zana mutanen yadda Allah ya yi su, kuma ku biya shi kuɗin kwanakin da ya yi, kamar yadda ba ku taya hular hannu da farashin ta inji. Ku kuma yara, ku rage bin kan hoto, ku fita waje da allunanku.

Shi mai goron an kai masa ya gani. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a tambayi yaron me ya sa sai da ya fito da ɗinkin da aka yi wa maɗaurin takalmin hagu, duk unguwa ta gani. Ya kuma ce a bugo masa ɗaya zai rataye a rumfa. Mun ba shi shawarar a tura masa a waya ma, don hasken. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.